Wanda Ya Riƙe Igiyar Motaleb

Ranar Litinin ce, ƙarfe sha ɗaya da ɗan wani abu, aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an ciro gawa daga tankin wani jirgi a filin Sawdagar.

Mu da muke zaune a Sitakunda mun san irin wannan wayar. Tsofaffin jiragen ruwa ake jawowa a soka su cikin lakar bakin teku, mutane su hau da wutar gas su yanyanka su, kuma ba a daɗewa sai jirgi ya rama a kan wani. Sufeto Jahangir Majumdar ya shekara tara yana amsa irinta. Ya ajiye kofin shayinsa, ya kira Sajan Nitai, wani dattijo mai tumbi da ya rage masa wata huɗu ya yi ritaya, suka shiga mota.

Ruwa ya ja baya, don haka da ƙafa suka ratsa laka har gindin jirgin. Abin takaici, ko minti biyar ba a tsayar da aiki ba. Ana ta yanka ƙarfe, tartsatsi na zuba, mutum kuma yana kwance a sama an rufe shi da buhu.

Manajan filin, Faruki, ya tare su da lema a hannu da farar riga mai guga.

"Sufeto Saheb, da ka sani da ba ka ɓata takalminka ba. Magana a fili take. Kansa ya kashe."

"Ka ga lokacin da ya yi?"

"Ba sai na gani ba. Sunansa Motaleb Mondol, kowa ya san ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Tun gobarar bara yake haka. Ya ma kai mu kotun ma'aikata yana neman diyya, wai mun ji masa rauni a cikin kai. Ko ƙwarzane babu a jikinsa fa. Duk da haka muka tausaya muka dawo da shi aiki, yau kwana tara."

"Wane aiki?"

"Tsintar guntayen ƙarfe a ƙasa."

"To me ya hawo da shi nan sama?"

Faruki ya ɗaga kafaɗa. "Ka tambayi sardar ɗinsu, ga shi can. Surukinsa ne ma."

Sardar, wato shugaban ayarin masu yanka, yana tsugune kusa da gawar, idanunsa sun yi jajir. Sobahan Pramanik ake ce masa, ƙato ne mai furfura a gemu. Da ƙyar ya miƙe.

"Mijin ƙanwata ne, Yallaɓai. Ƙauyenmu ɗaya a Bogura. Ni na kawo shi nan, ni na koya masa riƙe wuta."

"Wannan tankin fa, an gwada iskar cikinsa?"

"Da hannuna, ƙarfe bakwai na safe, gaban mutane takwas. Na zura kaza da zare yadda muka saba. Da na jawo ta, ta riga ta sanƙare. Na wurga ta teku, na shafa jan fenti a murfin, na ce kada wanda ya kusanci wurin. Har ƙasa labarin ya kai. Motaleb ya sani sarai." Ya share hanci da gefen gyale. "Wajen goma da rabi na biyo ta nan na ga murfin a buɗe."

Jan fentin yana nan kuwa, an zana shi da girma. Sufeto ya yaye buhun. Babu jini, babu karaya. Mamacin ya ɗaure hanci da baki da tsumma, ga baƙin tabarau na masu yanka rataye a wuyansa. Sufeto ya ɗaga rigar, ya daɗe yana duba bel ɗin wandon ta baya. Fatar bel ɗin ta goge har ta yi fari a wuri ɗaya, kuma akwai zaren rama maƙale a jiki.

Ya kira shugaban 'yan kwana-kwana da suka sauka da abin numfashi suka ɗauko shi.

"Kun ɗaura masa igiya?"

"A'a, Yallaɓai. A gadon ɗaukar majinyaci muka sa shi."

"Kun ga wata igiya a ƙasa?"

"Babu komai sai shi."

Da suka sauko, Nitai yana haki ya ce, "Me ka gani?"

"Mutumin da ya toshe hancinsa don kada ya shaƙi guba, ya kuma zura igiya a bel ɗinsa. Wannan niyyar fitowa yake da ita, Nitai. Wani ne ya zare igiyar ta sama."

Takardar komawa aikin Motaleb tana ɗauke da sa hannun wata likitar ƙwaƙwalwa, Dakta Sumita Barua, a cikin birnin Chattogram. Sun same ta tsakanin majinyata, mace ce ƙarama mai magana da sauri. Da ta ji abin da ya kawo su, sai ta cire tabarau.

"Cikin tanki kuka ce? Ba zai yiwu ba."

"Me ya sa, Dakta?"

"Wata goma sha huɗu da suka wuce tanki ya fashe da su uku a ciki. Biyu suka ƙone a gabansa, shi ya yi awa biyar a duhu kafin a yanko shi. Tun ranar ko banɗaki ba ya iya shiga ya rufe ƙofa. A nan ɗakin ma, sai na bar taga da ƙofa a buɗe yake zama. Shi ya sa na rubuta a sarari cewa ya koma aiki a fili kawai, a ƙasa, kada ya hau jirgi."

"Ya taɓa maganar kashe kansa?"

"A farko, sau ɗaya. Amma watanni uku ke nan yana samun sauƙi. Ya fara barci. Yana zancen sa 'yarsa a makarantar sakandare. Abin da ke cin ransa yanzu shi ne abokan aiki, suna ce masa mai tsoron duhu. Mutumin da ya shekara goma sha biyu da wuta a hannu, an mayar da shi tsintar ƙusa da rabin albashi."

"Shari'ar fa?"

"Alhamis ɗin nan za a saurare ta. Lauyan kamfani cewa yake yi ƙarya yake, raunin da ba a gani ba rauni ba ne." Ta ja tsaki. "Yanzu in aka rubuta kansa ya kashe, shi ke nan, sun huta. Za su ce dama can mahaukaci ne. Matarsa ba za ta ga diyyar jinya ba, balle ta rai."

Sufeto ya rufe littafinsa, sai ta ɗaga hannu.

"Akwai abu ɗaya. Da, ranar gobarar a goge take a kansa. Makonni biyu da suka wuce ta dawo masa. Ya ce mini ba a gwada tankin ba ranar, amma an rubuta an gwada. Na ce wa ya rubuta? Ya ce sai ya fara yi wa mutumin magana tukuna, don ba zai so ya ji a bakin kotu ba."

"Bai faɗi suna ba?"

"Kuka kawai ya yi."

Bayan la'asar suka isa layin ɗakunan kwano da ke bayan hanyar jirgin ƙasa, inda ma'aikatan da suka zo daga arewacin ƙasar suke haya. Mata sun cika ƙofar ɗakin. Matar mamacin, Morjina, tana zaune a tabarma ta ja gefen sari ta rufe kai, 'yarta Shefali ta kwantar da kai a cinyarta. Sobahan yana tsaye a bakin ƙofa, shi ke karɓar masu gaisuwa.

Sufeto ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, tambaya biyu ce. Da safe yaya ya fita?"

"Lafiya lau ya fita," in ji Sobahan. "Ka san irin ciwon, ba ya sallama."

"Ita na tambaya."

Morjina ba ta ɗago ba. "Baban Shefali ya ci shinkafar jiya da barkono, ya fita."

"Ya ce miki zai hau jirgi?"

Ta ɗan saci kallon ƙofa. "Bai ce ba."

Sufeto ya nuna wata ƙusa a bango. Ƙura ta yi wa wurin da'ira, tsakiyar kuma fes. "Me ake ratayewa a can?"

Yarinyar ce ta amsa. "Tabarau na aikin Abba. Tun bara suke nan. Yau Mama ta goge ta ba shi."

"Rufe mana baki," in ji Morjina da sauri. "Shi ya ce in miƙo masa. Ban tambaye shi dalili ba."

Sai ga wani tsoho ya leƙo daga masallaci da saƙo. Liman ya ce in dai ta tabbata mutumin kansa ya kashe, shi kam ba zai ja sallar ba, a nemi wani ya yi. Morjina ta dafe baki. Wallahi ni na san wannan liman, mutumin kirki ne, amma da ya bari gawa ta dawo daga asibiti tukuna.

"Yallaɓai," ta ce, "duk abin da za ka rubuta, kada ka rubuta haka. Yarinyar nan ce za ta ɗauki sunan har gidan aurenta."

"Abin da ya faru zan rubuta. Ki taimake ni in san shi."

Ta sake kallon ƙofa. Sobahan ya raka su har mota yana cewa tun safe ya buga wa tsohuwarsu waya a ƙauye, shi zai ɗauki nauyin komai, ƙanwarsa ba za ta wulaƙanta yana raye ba.

A mota Nitai ya ce, "Matar nan tana ɓoye wani abu."

"Tana ɓoyewa. Amma tsoro ne a idonta, ban ga mugunta ba."

"Ni Faruki nake zargi. Ka ga rigarsa kuwa? Mutum a cikin wannan laka, ko ɗigo babu."

"Shi ya sa na san bai hau tsanin jirgi ba. Kuma ko da kuɗin duniya, Motaleb ba zai shiga rami don Faruki ya ce ya shiga ba."

Washegari da hantsi suka koma filin. Mutane takwas ɗin nan Sufeto ya kira ɗaya bayan ɗaya, bakinsu ya zo ɗaya. Sun ga kaza ta mutu, sun ga an shafa fenti, sardar ya tura su gaban jirgin su yanka wani sashe, daga nan ba su san komai ba. Ba ƙarya suke ba, shi ne abin haushin.

Rana ta yi zafi. Nitai, wanda cikinsa ba ya yafe masa, ya ja Sufeto zuwa rumfar da ake dafa wa ayarin abinci. Mai girkin wata tsohuwa ce, Amiron, ana ce mata Khala, wato gwaggo, bakinta ja da taunar ganyen pan, goron mutanen nan. Ta zuba musu shayi, Nitai ya ɗaga murfin tukunya ya leƙa.

"Khala, kullum dal, ruwan wake kawai? Mutanen nan ƙarfe suke ɗauka fa, ba auduga ba."

"Ji min ɗan sanda da kwaɗayi. Kai da tumbin nan me za ka yi da nama? Da jiya ka zo da ka samu romon kaza."

Sufeto ya ajiye kofinsa a hankali. "Jiya kun ci kaza?"

"Rabinsu ma ba su iya ci ba saboda rasuwar. Wasu kuma suka cinye rabon waɗanda ba su ci ba, Allah ya shirya."

"Kamfani ke saya muku?"

Amiron ta kwashe da dariya har ta tofar da jan yawu. "Kamfani? Ɗana, a rumfar nan ba a ganin kaza sai wadda ta shiga tanki ta fito da ranta. Wadda ta mutu mushe ce, ta teku ce. Wadda ta rayu kuwa ta tukunya ce, ba wanda yake da ikon kai ta gida. Haka muka taras."

"Amma kazar jiya ta mutu."

"Ni dai da rai aka kawo mini ita, tana ta kuka."

"Wa ya kawo?"

"Wa yake kawowa in ba sardar ba? Wajen ƙarfe goma. Ya jefo ta nan ko sallama babu, ya wuce. Na ce kai Sobahan, lafiya? Bai waiwayo ba."

"Ina gashin?"

Ta nuna wani tsohon gwangwanin fenti a bayan rumfa. Sufeto ya zazzage shi a ƙasa. Ga farin gashi, wasu da baƙin mai a jiki, ga kuma zare mai kauri da aka yanke daga ƙafa. Ya warware zaren ya auna da hannunsa. Bai kai kamu uku ba.

"Nitai, zurfin tankin nan nawa suka ce?"

"Ƙafa sittin."

"Wannan kazar ba ta wuce bakin murfi ba. Je ka wajen mai sayar da kaji na bakin titi, ka tambaye shi nawa sardar ya saya jiya."

Kafin rabin awa Nitai ya dawo yana share gumi. "Biyu. Ɗaya da asuba da takardar kamfani, ɗaya wajen ƙarfe tara daga aljihunsa. Mai kajin ya ce har ya tsokane shi, ko baƙi aka yi a gida."

Sufeto ya aika a kira Sobahan zuwa ofishin 'yan sanda don ya sa hannu a takardar karɓar gawa, shi kuma ya fara biyawa wajen Morjina. Ya sa matan suka ba su wuri. Ya zauna a kan wata ƙaramar kujera, ya yi mata bayani dalla-dalla: igiyar, kaza ta farko, kaza ta biyu, guntun zaren. Bai ambaci sunan kowa ba.

"Mijinki ba ya iya rufe ƙofar banɗaki," ya ce. "Amma jiya ya sauka ƙafa sittin cikin duhu. Wani ya nuna masa kaza mai rai, ya ce iska ta gyaru. Wani ya riƙe masa igiya. Mutum nawa ne a duniya zai yarda da su har haka?"

Morjina ta daɗe tana kallon tabarma. Da ta buɗe baki, da ƙyar ake jin ta.

"Ɗaya ne."

"Faɗa mini."

"Ran Juma'a Yaya ya zo cin abinci. Bayan sun fita waje sun yi magana, ya dawo ya same ni ni kaɗai. Ya ce Morjina, mijinki ba ƙwayar likita ce za ta warkar da shi ba. Tsoro sai an shige shi. Ya ce in ya sauka tanki sau ɗaya, ko minti biyu ne, ni zan riƙe igiya, ni zan je wajen manaja in ce a mayar masa da wutarsa da cikakken albashi. Ya ce kada likita ta ji, za ta hana. Baban Shefali ya ce ba zai iya ba. Kwana uku ina lallashinsa. Jiya da safe don tsoro ya kasa ɗaura bel, ni na ɗaura masa. Na ce Yayana ne fa. Shi ya goya ni. Ba zai sake ka ba."

"Me ya sa jiya ba ki faɗa ba?"

"Yaya ya ce shi bai ma samu zuwa ba, wai kafin ya iso Baban Shefali ya riga ya shiga shi kaɗai. Ya ce in na ambaci maganarmu za a ɗora masa laifi, ba mai tsaya mana a kotu ran Alhamis. Shi ne shaidarmu, Yallaɓai. Shi kaɗai ne ya yarda zai yi mana shaida."

Ta miƙe ta gyara sarinta. "Zan bi ka."

"Ba lallai ba ne."

"Zan bi ka."

Sobahan yana zaune a ofis da biro a hannu lokacin da suka shigo. Da ya ga ƙanwarsa sai ya yi murmushin dole.

"Me ya fito da ke cikin takaba? Ai na ce zan yi komai."

Sufeto ya ajiye ledar gashin kaza da guntun zaren a kan tebur.

"Kaji nawa ka saya jiya, Sardar?"

"Ɗaya... biyu. Ɗayar ta gida ce."

"Ta gida, ka kai wa Khala Amiron?"

"Na ga yara sun kwana biyu ba su ci nama ba."

"Da baƙin mai a gashinta da zare a ƙafa?"

Sobahan ya zuba wa ledar ido.

"Ka yi dabara," in ji Sufeto. "Ka zura igiyar ta cikin bel ɗinsa ka riƙe bakinta biyu a sama, ba ƙulli. In ka saki ɗaya ka ja ɗaya, ta fito. Ka tura mutanenka gaba. Fenti yana nan yana yi maka shaida. Da ka wurga kaza ta biyu teku, da yau na sa hannu a kan abin da Faruki ya ce. Amma shekara ashirin kana kai mai rai rumfa, ƙafarka ta kai ka ba ka sani ba."

"Yallaɓai, ƙanwata ce wannan. Zan mayar da ita bazawara da hannuna?"

"Yaya," in ji Morjina. "Na faɗa masa maganar ran Juma'a."

Biron ya faɗi daga hannun Sobahan. Ya dubi Sufeto, ya dubi Nitai da ya tare ƙofa, sannan ya dafe kai da hannu biyu.

"Ranar gobarar bara," ya ce, "ban gwada tankin ba. Jirgin ya yi wata uku a buɗe, na ɗauka ba komai. Manaja yana ta ihu a kan lokaci. Na rubuta an gwada. Motaleb yana tsaye ya gan ni. Da ya fito bai tuna komai ba, na ce Allah ya rufa mini asiri. Na yi ta yi musu hidima, ki faɗa masa, Morjina, wata goma sha huɗu wa ya riƙe ku?"

Morjina ta kawar da kai.

"Ran Juma'a ya ja ni waje ya ce, Yaya, na tuna. Ya ce ran Alhamis za su rantsar da ni, ba zan iya ƙarya a kan mutum biyu da suka ƙone ba, shi ya sa na ce in fara gaya maka ka shirya. In shirya me? Rai biyu ne. Gidan yari ne. Ina da yara huɗu."

"Sai ka sayi kaza."

"Na zura ta kaɗan na jawo, na nuna masa. Na ce ka gani, tun safe muke hura iska. Ya yi dariya, Yallaɓai. Rabon da in ga dariyarsa tun bara. Ya yi bismillah ya fara sauka. Yana ƙirga matakala da ƙarfi don kada tsoro ya kama shi. A ta talatin da wani abu ya ce, Yaya, jiri nake ji, ja ni."

"Me ka ce?"

"Na ce saura kaɗan, ga ni nan."

Nitai, wanda ya ga gawa ta fi ɗari a aikinsa, ya juya ya fuskanci bango.

Sufeto ya rubuta komai, ya karanta masa, Sobahan ya sa hannu. Ya kira ofishin liman ya ce kisa ne, a shirya jana'iza bayan azahar. Ya sa a aika wa Dakta Barua da lauyan ma'aikata kwafin bayanin kafin Alhamis, ya kuma ce a gaya wa Faruki ya zo da littafin gwajin tankuna na bara, akwai sauran magana tsakaninsu. Sannan Nitai ya fito da ankwa.

A bakin ƙofa Sobahan ya tsaya. "Morjina. Ki yafe mini. Ki duba yarana."

Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, kamar ranar ta fara ganinsa.

"Da ka kashe shi kawai, Yaya. Me ya sa sai da bakina?"

Sai wayarsa da aka ajiye a kan tebur tare da mabuɗansa ta fara ƙara. Sufeto ya duba sunan, ya miƙa wa Morjina. Tsohuwarsu ce. Ta kwana a motar Bogura don ta zo jana'izar surukinta, muryarta tana fitowa har kowa a ɗakin yana ji.

"Sobahan? Na iso tasha, ɗana, ƙafafuna sun kumbura. Ka zo ka ɗauke ni. Yaya ƙanwarka? Kada ka bar ta ita kaɗai, ka ji? Kai ne kawai ka rage mata."

Nitai ya ja ankwar, suka fita da shi ta baranda zuwa ɗakin tsare mutane. Morjina ta bi bayansa da ido har ya sha kwana, sannan ta kai wayar kunnenta.

"Inna, ni ce. Ki samu wuri ki zauna. Ni zan zo."